Kayan Tsohuwa a Gangaren Tafkin Pichola

Tottenham, London
9 ga Maris

Mufeeda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da azumi da karatu. Mu nan lafiya, ban da murar da ta zama 'yar gida tun Nuwamba. Umma ta kira jiya daga Kaduna, ta ce in gaishe ki.

Shekara uku da rabi kina Udaipur, abin da na samu daga gare ki hotunan ruwa ne. Ruwa da safe, ruwa da yamma, ruwa da kwalekwale, ruwa da wani farin gini a tsakiya kamar an ajiye an manta. Na yarda akwai tafki. Abin da ban sani ba shi ne ko akwai mutane.

Janet, wadda muke ofis ɗaya a council, wato ƙaramar hukumarmu, ta yi booking za su je can da mijinta a Oktoba. Da ta ji ina da 'yar'uwa a garin sai ta jawo kujera ta zauna kusa da ni da biro a hannu. Na ce mata akwai ruwa. Ta rubuta.

Ki tuna ni ce na zauna awa uku a zauren Kawu Maharazu a Tudun Wadan Zariya, ina ba shi tabbacin 'yarsa za ta je Indiya ta karanto harhaɗa magunguna, ta dawo yadda ta tafi, kuma ni zan sa ido. Sa ido daga Tottenham, a kan garin da har yau ban iya faɗin sunansa daidai ba. Ya yarda ne don shi da Umma 'ya'yan wa da ƙani ne, ba don hujjata ta gamsar da shi ba. Saboda haka ina da haƙƙin wasiƙa. Ta gaske, ta imel. Kada ki turo voice note, don voice note a danginmu tuwon suna ne, kowane gida sai an kai.

Wa ya yi ginin cikin ruwan, kuma me ya ɓata masa rai da ƙasa? Me suke ci? Ke me kike ci? Wace ce tsohuwar da kika koma haya gidanta?

Taubashiyarki,
Zarah

*

Udaipur
17 ga Maris

Yaya Zarah,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, Allah ya yaye murar. Ina lafiya, azumi da sauƙi, sai dai zafi ya fara. Saura wata uku in gama, in Allah ya so: practical a Afrilu, jarrabawa ta ƙarshe a tsakiyar Yuni.

Akwai mutane, Yaya, har sun yi yawa. Tsohon garin a kan tudu yake, lungunansa sun fi na cikin birnin Zariya matsi, kuma duk suna gangarawa ne zuwa ruwa. A lungu ɗaya za ki haɗu da babur da saniya da Bature mai kyamara, kuma saniyar ce kullum mai gaskiya. Sunan tafkin Pichola. Mutane ne suka tare shi tun ɗaruruwan shekaru. Farin ginin fadar shan iska ce ta sarakunansu, yanzu otal ne, ban taɓa shiga ba. Babbar fadar tana bakin ruwa, ita na shiga sau biyu. Akwai ɗakunan da aka lulluɓe da madubi, da wasu tagogin dutse masu ƙananan huji inda matan sarki ke leƙen waje ba a gan su ba. Mai yi mana bayani yana ta kuranta hikimar, na ce masa mu ma muna da ita, sunanta labule. Ki ce wa Janet ta hau kwalekwale bayan la'asar, kuma in ta ga biri ta ɓoye tabarau.

Tsohuwar sunanta Kamla, ina ce mata Dadi, wato kaka. Ta haura saba'in, gwiwa ta cinye ta, amma ba ta yarda ba. Tana zaune da ɗanta da matarsa Rekha, ni ina ɗakin sama tun Agusta da na bar hostel. Ba sa cin nama, ko ƙwai ba ya shiga gidan, ni kuwa na koyi cin wake kala tara. Amma tun da azumi ya kama, kullum in na sauko shan ruwa zan tarar ta ajiye mini madara da dabino a kan matakala. Ta tambaye ni wai watan da muke nema a Najeriya shi ne dai wannan nasu?

Ranar Juma'a aka yi Holi, bikin watsa kala. Na kulle kaina a ɗaki kamar mai takaba. Na leƙa taga sau ɗaya tak, yanzu farin hijabina ruwan hoda ne.

Washegarin Holi mata suka fara wani bikin, Gangaur, na kusan kwana goma sha takwas. Matan aure suna roƙa wa mazajensu tsawon rai, 'yanmata suna roƙon miji nagari. Na ce wa Dadi mu a wajenmu iyaye mata ne ke wannan aikin, shekara zagaye, ba hutu. A ranar ƙarshe suna yi wa gunkin abar bautarsu Gauri ado kamar amarya, su ɗauke shi a ka zuwa bakin tafki da waƙa. Ban taɓa gani ba, da can hostel ɗinmu na bayan gari. Bana kamar zai faɗo ranar Sallah. Zan kalla daga nesa in ba ki labari.

Ƙanwarki,
Mufeeda

*

Tottenham
6 ga Afrilu

Mufeeda,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, ko da a makare. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau har zuwa jiya da azahar.

Na je Peckham kitso, shagon Anatu 'yar Kumasi a Rye Lane. Ta raba mini kai biyu ke nan sai ta miƙo waya ta saman kafaɗata, ta ce da Hausarta ta Gana da ba ta bambanta mace da namiji: "Zarah, wannan yaro ba ƙaninka ba ne? Ya je Indiya ya zama star!"

Bari in gaya miki abin da na gani, ko da an yi miki sata ta fuska. Wata yarinya cikin koriyar atamfar Sallah, lalle har wuyan hannu. A kanta faranti, a kan farantin gunki cikin jan tufa, da zoben hanci da idanu kamar na mujiya. Mata kewaye da ita baki buɗe suna waƙa. Yarinyar ko riƙe farantin ba ta yi ba, tana tafe kamar mai dawowa daga famfo. Kin ce za ki kalla daga nesa. Ina son sanin abin da kike kira kusa.

Wani ɗan yawon buɗe ido ne ya ɗauka ya sa a intanet, daga nan ya bi hanyar da komai ke bi har ya faɗa group ɗin Zuri'ar Malam Dogo. Kafin Anatu ta gama mini kitso an yi saƙo ɗari biyu. Goggo Katumi ta turo kuka na minti shida. Fa'iz, wanda rabonsa da sallar asuba a kan lokaci tun yana firamare, ya turo fatawa.

Kawu ya kira ni da yamma. Bai ɗaga murya ba, kin san shi, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Zarah, amanar ke nan?" Ya ce ya kira ki ba ki ɗauka ba. Ya ce za ki dawo gida cikin watan nan, da jarrabawa ko babu, kuma zai nemi wani a ofishin jakadanci a binciko wanda ya tilasta ki, in ta kama a kai wa 'yansanda. Na roƙi mako biyu. Ya ba ni zuwa Lahadi ashirin ga wata, ranar zan kira shi da bayani, in babu ya sayi tikiti.

Shekara huɗu na karatunki suna rataye a kan amsarki. Ki rubuto yau.

Zarah

*

Udaipur
7 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Ina lafiya. Ni ce a hoton. Ba wanda ya sa ni, da kaina na ɗauka. Don Allah kada a je wajen kowa, kada a taɓa Dadi. Ina cikin practical, zan rubuto.

Mufeeda

*

Tottenham
12 ga Afrilu

Mufeeda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina da rai, tun da wayarki ba ta da shi.

Kwana biyar ina yawo da layinki uku. Na karanta su a jirgin Overground, na karanta su a taron council ana maganar kwandon shara, na karanta su ina jiran tukunya. "Ba wanda ya sa ni, da kaina na ɗauka." Na juya shi ta ko'ina, fuska ɗaya yake ba ni: yarinyar da ta yanke shawara, kuma take kare sabon gidanta daga tsohon.

To, zan tambaye ki kai tsaye, don na gaji da kewaye. Wani abu ya canza a zuciyarki? Ko akwai wani ɗan saurayi mai dogon gashi a bayan labarin? Shekara goma sha huɗu ina London, ba abin da za ki faɗa in suma. Zan yi baƙin ciki, zan yi miki faɗa, amma zan ci gaba da ɗaukar wayarki. Abin da ba zan iya ba shi ne in kira Kawu ranar Lahadi ta sama da wannan layi uku a hannuna. In na karanta masa su yadda suke, kafin magariba kina da tikiti.

Kuma, Allah ya yafe mini, akwai abin da ke cina ban da wannan: nauyin abin nawa ne? Yaya aka yi suka bar baƙuwa ta taɓa shi?

Zarah

*

Udaipur
16 ga Afrilu

Yaya Zarah,

Wa alaikumus salam. Ki yafe mini. Na kashe wayar ne don saƙonni sun hana ni mai da hankali a ɗakin gwaji. Jiya na gama practical. Ban canza ba, Yaya, ba saurayi, ba komai. Na rubuta haka ne don kin ambaci 'yansanda, hankalina ya tafi kan tsohuwa mai ciwon gwiwa a gaban ɗansanda saboda ni.

Ga yadda aka yi. Mu nan Litinin muka yi Sallah. Na je Idi da safe da 'yan Sudan ɗin ajinmu, muka ci abinci a wajensu, na dawo bayan la'asar da kular abinci a hannu. Na tarar lungunmu ya cika maƙil da mata. Rekha ce ta saba ɗaukar gunkin gidanmu, amma cikinta ya tsufa, ashe Dadi ta rantse ita za ta ɗauka, ta yi shekara hamsin tana yi kafin Rekha ta karɓa. Ni ban san wannan ba. Abin da na gani daga baya shi ne Dadi a kan gangaren dutse, da kaya lulluɓe da jan ƙyalle a kai, ƙafarta na rawa, hannunta ɗaya yana laluben bango.

Kin san Baba. Kin san abin da yake yi wa yaron da ya wuce babba da kaya. Ina shekara shida ya mayar da ni tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa don na bar wata tsohuwa da itace. Da na tsaya tunani na ƙiftawar ido da na gane, don na san ranar ce. Amma hannuna ya riga kaina. Na ce "Kawo, Dadi," da Hausa ma na faɗa, na ɗage shi na aza.

Yana da nauyi, na itace ne, ya kai tulu cike. Taku uku na yi furanni suka fara zubo mini a fuska, ƙamshin turarensu ya sauko, matan suka yi tsit. A nan na sani. Wata ta yi magana da zafi, Dadi ta mayar mata da wadda ta fi ta zafi, sai waƙa ta tashi fiye da da.

Na sani, Yaya, kuma na ci gaba da tafiya. Na duba inda zan sauke: ƙasa duk ƙafafu ne da kashin shanu, in na dire shi a nan na mari Dadi a gaban unguwarta. Kowace mace da nata a kai. Dadi kuwa ta kama gwiwar hannuna da hannu biyu, duk nauyinta a kaina, in na tsaya mu biyu za mu gangara. Shi ya sa ban riƙe farantin ba: hannu ɗaya kula, ɗaya Dadi. Mai hoton ya yanke ta. Na yi ta karanta Ƙulhuwallahu a zuci, ban san sau nawa ba, har muka kai ƙofa mai baki uku ta bakin ruwa, kamar minti biyar. Can na ga ƙanwar Rekha, na sunkuyo ta sauke. Ban shiga ba. Na zaunar da Dadi a dakali na juya.

Daga kan gada na ga sauran: matakalar bakin ruwa ta koma ja da ruwan ɗorawa, mata na juyi cikin rawa fuska a rufe, kwalekwale masu ado suna wucewa a jere. Yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Ni kuwa ina tsaye ina kuka da kular shinkafa.

Rekha ba ta yi mini magana tun ranar. Ta ce mai cin nama ta taɓa gunkin Gauri, sai da aka yi masa wanka. Na je wajen limamin masallacin da nake zuwa Juma'a, ya ce in yi istigfari kada in sake. Na yi, ina kan yi.

Na san abin da kike shiryawa. Kada ki ce wa Baba ban sani ba sam. Shekara talatin yana kama ƙaryar ɗalibai, zai ji ta a muryarki, daga nan ba ni ba ke. Kuma ni ma ba na so. Ki karanta masa wannan duka.

Mufeeda

*

Tottenham
20 ga Afrilu

Mufeeda,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, kuma ina taya ki murna: cikin minti biyar kin ɓata wa addini biyu rai. Akwai masu digirin digirgir da ba su kai nan ba.

Kin yi daidai, na shirya wani labarin. A bus 149 na tsara shi tsaf, kin fito a ciki makauniya mai ladabi wadda ba ta gane komai ba sai da aka sauke. Har na yi masa gwaji a gaban madubi. Da na ji sallamar Kawu yau bayan azahar, sai na ji ni ɗalibar aji biyu ce da ba ta yi aikin gida ba. Na buɗe wasiƙarki na karanta masa daga farko har ƙarshe, har da inda kika ce yana da kyau. A nan na so in yi tari in tsallake. Ban yi ba.

Ya bar ni na gama. Ina jin kaji a tsakar gidanku. Sai ya fara, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba takarda.

"Ta rusuna masa?"

"A'a, Kawu."

"Ta kai shi ruwan?"

"A'a."

"Amma ta san mene ne, ta ci gaba."

"Ta sani."

"Wannan kuskure ne, Zarah."

"Kuskure ne, Kawu."

Sai ya ce, "Tsohuwar ta koma gida lafiya?" Na ce ta koma. Ya ce, "Da ta tsaya tana kallo matar ta faɗi, aka ɗauki hoton wannan aka turo mini, shi ma da ban iya fita masallaci ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ni na koya mata. Ban taɓa ce mata ta fara leƙa kayan ba."

Ga hukunci. Za ki zauna ki gama jarrabawa. Washegarin takarda ta ƙarshe ki hau jirgi, ba zaman jiran bikin yaye ɗalibai, ba yawon ban kwana. Ya ce kada ki kira shi yanzu, zuciyarsa ba ta sauka ba, kuma ba ya son ya faɗa miki abin da zai dawo yana nema ya janye. Ni kuma ya ce sa idona irin na mai gadin da ke kwana a wani gari ne. Ban yi musu ba.

Minti goma bayan nan ya rubuta a group: "Maganar Mufeeda tana hannuna." Tun da aka buɗe group ɗin ban taɓa ganin ya yi awa uku shiru ba sai yau.

Ki kunna wayarki. Ki yi karatu. Ki ci wakenki.

Zarah

*

Udaipur
3 ga Mayu

Yaya Zarah,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, karatu ya yi zafi, gari ya fi shi. Na gode, ban san yadda zan faɗa ya isa ba.

Jiya bayan Juma'a Baba ya kira. Na tashi tsaye na ɗauka, kamar yana ganina. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi karatu, na ce alhamdu lillahi. Na jira faɗan, na ma shirya inda zan ce na tuba.

Sai ya ce, "Wannan tafkin naku, akwai kifi a ciki?"

Na ce akwai, manya ma, amma a matakalar unguwarmu ba a kama su, mutane ne ke zuwa da safe suna watsa musu ƙulli-ƙullin gari.

Ya ce, "Ikon Allah. Ana kiwon kifi kamar akuya, kuma ba a ci?"

Na ce ba a ci. Ya tambayi kalarsu, ya tambayi ko suna da gashin baki irin tarwaɗa, ya tambayi zurfin ruwan da ko yana ƙafewa da rani. Minti ashirin muka yi a kan kifi, Yaya, ina amsawa ina share hawaye da bakin hijabi. Bai ambaci komai ba.

Da zai kashe ya ce, "To. Sai Juma'a."

Mufeeda